Sunanki Kawai Muke So

Bayan isha'i suka zo, su uku,
Alhaji Mutari a gaba, bakin rigarsa yana sharar ƙasa.
Ina gaban kasko, man gyaɗa har gwiwar hannu.
Suka ce, "Barira, doka ta ce sai da mata a jeri,
in babu ku takardar ba ta shiga.
Sunanki kawai muke so."

Na ce suna ai ba zane ba ne
da za a ara da safe a maido bayan biki.
Suka yi dariya. Na miƙa yatsa.

Sai dai yatsan bai fito ba.
Shekara ashirin da shida yana murza ƙuliƙuli,
zanen da Allah Ya yi masa ya shafe kamar tsohuwar dala.
Sau huɗu yaron yana danna shi cikin tawada
kafin takarda ta yarda ni mutum ce.

Garin Malam ta fita zaɓe.
Matan layin famfo, waɗanda muke kwana gadin jarka tare
tun duwatsun Birni ba su huce zafin jiya ba,
su suka jefa.
Aka ƙirga. Aka sake ƙirgawa,
wai ko an yi kuskure.

Ranar zaman farko a meri
kujerata tana bakin ƙofa, inda iska ke tara shara.
Faransanci yana wuce ni kamar kabu-kabu.
Wani ya waiwayo, bai ko dubi fuskata ba:
"Hajiya, a taimaka mana da ruwa."

Na ce, wane ruwa?

Har fanka sai da ta ji kunyar juyawa.

Na ce famfonmu kwana tara ke nan bai ko yi tari ba.
Jarka ta kai dala talatin a hannun ƴan garuwa.
Tsahara ta haihu ran Laraba,
da buta biyu aka wanke ta, ita da jaririn.
Ku masu biro, ku lissafa mini wannan.
Muryata tana rawa, na bar ta ta yi rawarta.
Hausa na yi, ta Kasuwar Dole,
wadda ba ta shafa hoda.

Mutari ya aiko mini da ido: ba haka muka yi ba.
Gaskiya ne, Alhaji.
Suna ka ara, ba ka tambaya ko yana da baki ba,
kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Innata tana da gona a hanyar Mirya,
gadon ubanta, da gawo uku a tsakiya.
Ƴan'uwanta maza suka ce, "Bari mu riƙe miki."
Har aka kai ta makwanci suna riƙe mata.
Ba ta taɓa taka ƙofar alƙali ba, ta ce da kunya.
Kunyar nan ce kaɗai gadon da aka ba ni cif, ba gardama.
Na goya ta shekara hamsin.
Ran nan na sauke ta, bayana ya sha iska.

Da za a tashi na ce wa magatakarda,
karanto mini abin da ka rubuta.
Layi ɗaya ne: "Madam ta yi maganar ruwa."
Na ce a'a.
Sa kwana tara. Sa buta biyu. Sa sunan Tsahara.
Ya dubi shugaba, shugaba ya dubi agogo.
Ya sa.

Famfon dai har yau bai zo ba,
kada in yi muku ƙarya.
Amma da dare jikata Zuwera
tana kama hannuna a kan allon lakwal
tana koya mini harafin farko na sunana:
sanda ɗaya a tsaye, ƙwarya biyu jingine da ita.
Na ce, to, wannan ai na san shi,
mace ce a layin famfo.

Jibi akwai zama.
Na soya gyaɗar jibin tun yau.